Ɗakunan Karatu da Yaƙi da Jahilci a Arewacin Nijeriya, 1939–1990: Tarihin Gudanarwa da Darussansa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi dangantakar da ke tsakanin ɗakunan karatu na jama'a da shirin koyar da manya karatu da rubutu a Arewacin Nijeriya, tun daga Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa 1990. Ta nuna cewa shirin ya dogara ne a kan abubuwa uku, wato ajin koyarwa da maɗaba'a da ɗakin karatu, kuma rauninsa ya samo asali daga rarrabuwarsu a hannun hukumomi daban-daban. Daga ƙarshe ta fito da darussan da masu gudanar da irin wannan aiki a yau za su amfana da su.

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa gemu ba ya hana ilimi, kuma tarihi ya gaskata su, domin magidanci mai shekara arba'in yana iya sanin baƙaƙe da wasula cikin 'yan watanni. Abin da ya fi wuya shi ne riƙe karatun bayan an tashi daga aji. Wanda ya karɓi takardar shaida ya koma gona ko kasuwa, idan ya shekara biyu bai sami abin karantawa ba, baƙaƙen sukan zube masa ɗaya bayan ɗaya har ya koma kamar bai taɓa zama gaban allo ba. A nan ne ɗakin karatu yake shigowa, domin shi ne wurin da sabon mai karatu zai je ya tarar da jarida ko ɗan littafi daidai ƙarfinsa ba tare da ya biya ba.

Arewacin Nijeriya ta yi gwaji mai faɗi a wannan fage a tsakiyar ƙarni na 20, wanda aka sani da Yaƙi da Jahilci. An yi rubuce-rubuce a kan azuzuwansa da jaridunsa, amma ba a cika waiwayar ɗakunan karatun da aka sa ran za su raya abin da azuzuwan suka shuka ba. Wannan shi ne gurbin da maƙalar ta nufa.

2.0 Waɗanda Aka Kira Jahilai

Kafin a shiga tarihin ɗakunan, wajibi ne a san mutanen da aka buɗe su dominsu. Turawa ba su tarar da ƙasar Hausa babu rubutu ba. Gwamna Lugga da kansa ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa sun kai 25,000, da almajirai fiye da 200,000, a daidai lokacin da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914. Malamai suna da taskokin littattafai a zaurukansu, ana aro ana kwafa, ana kuma rubuta wasiƙu da waƙoƙin wa'azi da ajami. Sai dai tun da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, gwamnati ta zaɓi rubutun boko ya zama rubutun ofis da na makaranta. Ƙidayar jama'a ta 1952 ta ware masu karatu da baƙaƙen boko daga masu karatu da baƙaƙen Larabci, kuma ta nuna cewa na biyun sun fi na farkon yawa ƙwarai a Jihar Arewa.

Saboda haka sunan Yaƙi da Jahilci ya zo da tangarɗa tun daga farko. A cikin waɗanda aka gayyata aji akwai wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, akwai kuma alaramma da ya rubuta Alƙur'ani da ka, da ɗalibin da ya sauke Ahalari da Iziyya da Risala. Haɗa su duka a ƙarƙashin kalma guda ya sa wasu malamai suka ja baya, kuma ya shafi irin littattafan da aka ga ya dace a ajiye a ɗakunan karatu, kamar yadda za a gani a gaba.

3.0 Asalin Ɗakunan Karatu

Ɗakunan karatu na En'e sun yaɗu ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1939 da 1945. Bukatar da ta haife su ta gwamnati ce, domin tana son labarin yaƙi ya isa ga jama'a ta bakin Ingila, kuma tana neman sojoji da gudummawa. Sai aka ware ɗaki a manyan garuruwa aka zuba jaridu da hotuna da taswirori. A Janairun 1939 ne aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita, kuma ita ce ta zama babban abin da ke jan mutane zuwa waɗannan ɗakuna. Mai iya boko yakan karanta da ƙarfi, sauran su saurara su yi sharhi.

Akwai kuma 'yan littattafan Hausa da Hukumar Talifi ta buga a ƙarƙashin Rupert East. Gasar da ta shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, sannan Magana Jari Ce ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1930. Littattafai ne masu daraja, amma ba su da yawan da za su cika kanta guda, kuma an tsara su ne domin 'yan makaranta da waɗanda karatunsu ya riga ya nuna.

Da yaƙi ya ƙare, dalilin kafa ɗakunan ya gushe, aka bar su a hannun En'e-En'e. Kowace En'e ta riƙe nata gwargwadon ƙarfin baitulmalinta da sha'awar sarkinta. Mai kula da ɗakin yawanci ƙaramin ma'aikaci ne da ba a koya masa aikin ba, abin da aka ɗora masa shi ne buɗewa da rufewa da tsare kaya kada su ɓace. Wannan gado na rashin manufa shi ne Yaƙi da Jahilci ya tarar.

4.0 Tsarin Yaƙi da Jahilci

Tun kafin yaƙin ya ƙare, Ofishin Mulkin Mallaka a Landan ya fitar da rahoto a kan ilimin gama-gari a ƙasashen Afirka. A 1946 aka naɗa Manjo A. J. Carpenter jami'in wannan aiki a Nijeriya, aka fara gwaji a wurare ƙalilan, daga cikinsu akwai Kankiya da Misau da Zuru da tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Abin da ya mayar da gwajin babban shiri shi ne siyasa. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a Majalisar Wakilai ta Arewa yana neman a gyara mulkin En'e, kuma ya ɗaura gyaran a kan wayar da kan talakawa. Ga zaɓe yana ƙaratowa, ga Kudu ta yi nisa a boko. A farkon shekarun 1950 aka kafa kwamiti, aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a duk faɗin Jihar Arewa, hedikwatarsa tana Zariya. Daga cikin waɗanda suka ja ragamarsa akwai W. F. Jeffries da Malam Ahmadu Coomassie.

Tsarin ya bi sawun mulkin gargajiya. En'e ce ke ɗaukar oganeza mai zagaya ƙasar hakimi yana kafa azuzuwa, shi kuma yana nemo malaman wucin gadi daga cikin waɗanda suka yi elementare ko suka riga suka ci jarrabawar ajin, ana ba su ɗan ihsani. Ana zama da yamma a zaure ko ƙarƙashin itace, a yi watanni kaɗan, a yi jarrabawa, a raba takardar shaida. Hakimi da dagaci su ne ke tara mutane. Wannan ya sa shirin ya bazu da sauri, amma ya sa wasu suna zuwa don gudun saɓa wa dagaci, ranar da ya kau da kai su ma sai su ɗauke ƙafa.

Babban abin lura a nan shi ne ma'aunin nasara. Abin da oganeza ke aikawa sama shi ne yawan azuzuwa da yawan waɗanda suka shiga da yawan takardun shaidar da aka raba. Duk waɗannan alƙaluma suna ƙarewa ne a ranar jarrabawa. Abin da ya sami mutum bayan shekara guda ba ya cikin rahoton kowa, domin ba ya cikin aikin kowa.

5.0 NORLA da Abin Karantawa

Masu tsara shirin sun fahimci cewa aji ba zai wadatar ba sai da abin karantawa. Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, yana da injunan ɗab'i a Tudun Wadan Zariya, don haka a 1954 aka kafa hukumar samar da littattafai ta Jihar Arewa, wadda aka fi sani da NORLA, kuma Neil Skinner yana cikin waɗanda suka shugabance ta. Cikin shekara biyar ta yi aikin da ba a taɓa yin irinsa ba a Arewa. Ta yaɗa littattafan koyon karatu masu hawa-hawa irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, ta buga ƙananan littattafai a kan kiwon lafiya da noma da sana'o'i da zaman ɗan ƙasa. Ta kuma fitar da jaridun larduna masu sauƙin harshe: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zazzau, Zumunta a Bauci, Haske a Neja, Gamzaki a Filato, Ardo a Adamawa, Albishir a Barno. Hikimar jaridar lardi ita ce sabon mai karatu zai ga sunan garinsu da na hakiminsu a rubuce, kuma babu abin da ke sa mutum ya daure wa haɗa baƙi kamar labarin gida.

NORLA ta kuma gane abin da sunan shirin ya rufe, wato akwai masu karatu da yawa da ke jiran littattafan addini. Ta buga rubuce-rubuce cikin ajami da Larabci, ta buga waƙoƙin Infiraji na Aliyu Namangi da waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, da Ibada da Hukunci na Malam Haliru Binji, da littattafan Abubakar Imam a kan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da irin waɗannan littattafai ne boko ya fara samun shiga a gidajen da a da ake ƙyamarsa, domin magidanci ya ga cewa sabon rubutun yana iya kai shi ga sanin hukuncin alwala da salla da harshensa.

Inda hukumar ta gaza shi ne rarrabawa da kuɗi. Arewa ƙasa ce mai faɗi, hanyoyi ba su da kyau, kantunan littattafai kuwa ba su wuce manyan birane ba. An yi amfani da motoci da dillalai, amma littafin da farashinsa bai wuce 'yan kwabbai ba ba ya biyan kuɗin kai shi ƙauye. Kaya suka taru a sito, asara ta yi yawa, aka rufe NORLA a 1959, aikinta ya koma hannun Kamfanin Gaskiya, jaridun larduna kuma suka ɓace. Sai a 1966 aka kafa kamfanin NNPC tare da haɗin gwiwar Macmillan, shi kuwa ya fi mayar da hankali ga littattafan makaranta, inda ciniki yake. Ke nan ana gab da samun mulkin kai aka janye babban tushen abin karantawar sabon mai karatu.

6.0 Laburaren Kaduna da Akwatunan Littattafai

A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, kuma ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne farfaɗo da ɗakunan karatu na En'e. Ya riƙa aika musu akwatunan littattafai aro, a karanta a mayar a sake aiko wasu, ya kuma shirya wa masu kula da su gajerun kwasa-kwasai. A shekarar da ta biyo, 1953, hukumar UNESCO ta yi taronta a Ibadan a kan bunƙasa laburaren jama'a a Afirka, inda aka jaddada cewa tallafa wa ilimin manya yana cikin ainihin aikin laburare.

A bisa takarda komai ya haɗu: ga aji, ga maɗaba'a, ga ɗakin karatu, kamar duwatsun murhu. A aikace kuwa kowane dutse yana hannun mai shi. Azuzuwa suna amsa umarni daga ofishin ilimin manya, NORLA tana fama da lissafin cinikinta, ɗakunan karatu mallakar En'e ne, laburaren Kaduna ba shi da iko a kansu sai shawara da aro. Babu jami'i guda da za a tambaya ko wanda ya ci jarrabawa bara yana karatu bana.

Wannan rarrabuwa ta bayyana ta fuskoki da dama. Azuzuwa suna ƙauyuka, ɗakunan karatu suna birane da hedikwatar hakimai, tafiyar yini ga manomi. Mafi yawan abin da ke cikin akwatunan Turanci ne, domin littattafan Hausa ba su da yawa, don haka waɗanda suka fi cin moriyarsu su ne ma'aikatan En'e da malaman makaranta da masu shirin jarrabawa. Wanda ya fito daga ajin Yaƙi da Jahilci da Hausar boko kaɗai, idan ya shiga ya duba kanta, abin da zai iya karantawa bai taka kara ya karya ba. Malamin zaure ma bai ga littattafan fanninsa a can ba, saboda haka bai ɗauki ɗakin a matsayin nasa ba, bai kuma tura almajiransa ba. Matan aure da ke cikin kulle kuwa, ɗakin da ke bakin kasuwa ko ƙofar fada cike da maza ba wurin zuwansu ba ne.

A 1963 F. A. Sharr, shugaban laburaren Jihar Yammacin Ostireliya, ya gabatar wa Gwamnatin Arewa rahoto a kan bukatun laburare a jihar, inda ya nuna raunin ɗakunan da ƙarancin ƙwararrun ma'aikata. Daga cikin amfanin rahoton akwai buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. Sai dai kafin a aiwatar da sauran shawarwarinsa juyin mulkin 1966 ya auku, aka raba Arewa jihohi shida a 1967, aka rarraba kayan laburaren Kaduna a tsakaninsu, kowace jiha ta fara nata daga tushe.

7.0 Farfaɗowa a Kano da Shagunan Haya

A 1980 gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda ta zama abin koyi ga sauran jihohi har ta sami yabon UNESCO. Ta bambanta da shirin farko ta wajen ba mata muhimmanci da buɗe azuzuwan ci gaba ga waɗanda suka gama matakin farko. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da nata gangamin a 1982, sannan a 1990 ta kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin manya.

A wannan karo abin karantawa ya fito ta inda hukuma ba ta tsara ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa da mata suka fara rubuta ƙagaggun labarai suna bugawa da kuɗinsu, abin da daga baya aka kira adabin kasuwar Kano. Tare da su shagunan hayar littattafai suka bazu cikin unguwanni, inda ake biyan kuɗi kaɗan a ɗauki littafi a mayar. Matar da ba ta fita takan aiki yaro ya karɓo mata. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama ta kuma ci gaba da karatu a azuzuwan manya, ta zama ɗaya daga cikin fitattun marubutan wannan zamani, kuma cikin littattafanta akwai Wa Zai Auri Jahila? Malamai da iyaye sun yi suka mai yawa a kan abin da wasu littattafan suka ƙunsa, kuma muhawara ce mai tushe. Amma ta fuskar gudanarwa, mai shagon haya ya warware matsalolin da suka gagari ɗakin karatun En'e: yana kusa da gida, kayansa da harshen mai karatu suke, yana sabunta su, kuma ya san abokan cinikinsa da sunayensu domin abincinsa ya dogara da dawowarsu.

8.0 Darussa ga Masu Gudanarwa

Darasi na farko shi ne aji da ɗakin karatu su kasance a hannu guda, kuma in da hali a wuri guda, yadda ɗalibi zai fara aron littafi tun yana cikin koyo, ya saba da kantar kafin ya karɓi takardar shaida. Na biyu, a sauya ma'auni: rajistar aro, wadda ke nuna wanda ya dawo bayan wata shida da abin da ya ɗauka, ta fi yawan takardun shaida faɗin gaskiya. Na uku, a sa kuɗin sabunta littattafai da haƙƙin mai kula da ɗaki cikin kasafin kowace shekara, domin rufe NORLA ya nuna cewa littafin sabon mai karatu ba ya ɗaukar nauyin kansa, sai an tallafa masa kamar yadda ake tallafa wa rijiya da asibiti. Tsarin waƙafi, wanda ya riƙe manyan taskokin littattafai a biranen Musulmi tsawon ƙarnoni, hanya ce da ta dace da wannan bukata.

Na huɗu, a fara daga abin da mutum ya riga ya sani. Mai ajami ya san cewa baƙi yana wakiltar sauti, saura kawai a nuna masa sababbin siffofi, kuma kiransa jahili korarsa ne. Na biyar, kada faɗaɗawa ta riga kayan aiki. Buɗe aji goma da kanta guda ta littattafai maimaita kuskuren shekarun 1950 ne.

Waɗannan darussa sun shafi makarantun Islamiyya na dare da na matan aure da ɗakunan littattafai na masallatai kai tsaye. Su ne a yau suke da abin da ɗakin En'e ya rasa, wato amincewar jama'a da kusanci da gida da ɗalibai manya masu zuwa da kansu. Abin da galibi suke rasawa shi ne kanta mai littattafai masu hawa-hawa cikin Hausar boko da ajami, da mutum guda da aka koya wa riƙe rajistar aro.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɗakunan karatu na Arewa an kafa su ne domin labarin yaƙi, aka ɗora musu aikin raya karatun manya ba tare da an sauya mazauninsu ko kayansu ko masu riƙonsu ba. Yaƙi da Jahilci ya koyar da ɗimbin mutane, NORLA kuma ta bar wa Hausa littattafan da har yau ake karantawa, amma shekara biyar kaɗai ta yi, kuma ba a taɓa ɗora wa wata hukuma alhakin bin sawun ɗalibi bayan jarrabawa ba. Duk wata jami'a ko ƙungiya ko kwamitin masallaci da ke shirin buɗe ajin manya, ya kamata kafin ranar farko ta tanadi amsar tambaya guda: wanda ya gama wannan aji, me zai karanta a wata na bakwai, kuma a hannun wa zai karɓa?